Saura Kwana Huɗu Ta Fita Takaba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Malam Yahuza a Dandamisa, ita ma ta zube ta wajen madafi har mun mayar da gurbin ƙofa. Ta nan muke miƙa wa juna garwashi da gishiri, ta nan kuma na ga abin da aka yi wa Hafiza. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa, don haka yau zan amayar da ita.

Hafiza matar Hamisu ce, ɗan Malam na biyu. 'Yar Malikanchi ce, shekarunta ashirin da uku, tana da 'ya ɗaya, Samira, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ta gama sakandare da kiredit huɗu, alhali biyar ake nema kafin a ɗauki mutum karatun difloma a fannin kasuwanci. Darasin Kasuwancin ne ma ya kayar da ita, wanda 'yan makaranta ke kira Komas, domin makarantarsu ba ta taɓa ganin malaminsa ba. Hamisu ya ce ba komai, ta zauna a gida ta karanta da kanta. Ya ɗauke ta a babur zuwa Makarfi, ya yi mata rajistar jarrabawar 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara, aka ɗauki hotonta da zanen yatsanta. Sati biyu bayan haka tirela ta bi ta kansa a hanyar Zariya.

Hafiza ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Aka ba ta zane ɗaya da hijabi mai duhu, aka kwashe turare da kwalli daga ɗakinta. Watan farko ba ta taɓa littafi ba, ko abinci sai na zauna a kanta take ci. Ranar da aka yi arba'in, bayan 'yan gaisuwa sun watse, na shiga na tarar ta ɗaga katifa ta zaro littafin Komas ɗin nan wanda bangonsa ya cire.

"Yaya Mukarrama, rajistar nan ce abu na ƙarshe da ya yi mini," ta ce. "Idan na bari jarrabawar ta wuce, wa zai sake yi mini rajista? Ba zan zauna ina jiran a miƙo wa Samira sabulu ba."

Kayan karatunta uku ne: littafin, da wayar Hamisu wadda ya cika mata da tambayoyin shekarun baya, da wani littafin rubutu mai layi. Babu malami, babu 'yan aji, sai ni, da aka mayar da ni ɗaliba ƙarfi da yaji. Ni da na tsaya a aji shida na firamare, ga ni zaune bayan azahar ana yi mini bayanin sari da dillanci da inshora. Sai ta karanta da Turanci, ta rufe littafin, ta juyo mini da shi cikin Hausa. Ta ce in dai ni na gane, to ita ma ta gane ke nan. Ban san yabo ba ne ko zagi.

Wata rana ta ce, "Yaya, me ya sa da rani tumatir ke arha har a zubar da shi bakin titi, da damina kuma ya yi tsadar tsiya?"

"Ikon Allah," na ce.

"Ikon Allah ne, amma in kika rubuta haka a jarrabawa sifili za su ba ki. Rashin wurin adanawa ne, da rashin mota a kan lokaci. Kowa ya ɗebo rana ɗaya, mai saye ya san ba za ka koma da shi gida ba, sai ya yi maka tayin wulaƙanci."

"To ai wannan ko mijina ya sani."

"Ya sani, amma bai san sunansa da Turanci ba. Ni sunan nake nema."

Muka yi dariya. Dariyarta ta farko ke nan tun rasuwar, kuma ba ta kai ƙarshe ba sai ga Inna Uwaliya, uwar mijinta, a bakin ƙofa.

"Mai takaba da ƙyaƙyata dariya? Ƙasar kabarin ɗana ko bushewa ba ta yi ba. Carbi ya kamata a gani a hannunki, ba takardun boko ba."

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Hafiza, kanta a ƙasa.

Ban ce Inna ba ta jin zafin mutuwar ɗanta ba. Ta ji, na ga yadda ta rame. Amma akwai masu baƙin cikin da ba sa samun sauƙi sai sun ga na kusa da su ya fi su ƙuntata, kuma Inna tana cikinsu.

Kwana uku bayan nan Zailani, yayan marigayin, ya yi sallama a ƙofar ɗakin ya ce a miƙo wayar.

"Yaya, karatuna ne a ciki," Hafiza ta ce daga bayan labule.

"Na sani, Maman Samira. Amma kayan gado ne, ba a taɓa kayan mamaci sai an raba. Hakkin marainiya ne, kada ki ci wuta ba ki sani ba."

Ta miƙa. Kafin sati ya zagayo na ga wayar a hannun matar Zailani, ta jingina ta da turmi tana kallon fim tana tsintar shinkafa. Hakkin marainiya ke nan.

Hafiza ta zauna ta rubuta duk tambayar da ta iya tunawa a littafinta mai layi, ta ci gaba. Ranar kasuwar Makarfi ta ba ni wata lamba a 'yar takarda, na shiga shagon masu kwamfuta aka buga mini katin jarrabawarta da jadawalin ranaku. Da na kawo, ta bi layin da yatsa har ta kai kan Komas. Ranar Alhamis ce, ƙarfe goma na safe, a wata makaranta cikin garin Makarfi. Ta ƙirga da yatsunta, ta sake ƙirgawa, sai na ga fuskarta ta canza.

"Litinin nake fita takaba, Yaya. Jarrabawar ta riga ta da kwana huɗu."

"To ki yi wa Malam magana tun yanzu," na ce. "Mutum ne mai ilimi, ya san abin da ya dace."

Na faɗi haka da zuciya ɗaya. Malam Yahuza shi ke ba da karatu a unguwarmu, daga Gazara da Kudan ma ana zuwa masa da tambaya. Ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan kowa ba. A lokacin ban san cewa rashin faɗa ma yana iya zama makami ba.

Da la'asar, bayan ya shigo daga masallaci, Hafiza ta durƙusa nesa da tabarmarsa ta gaishe shi, ta yi masa bayani tiryan-tiryan: rana ɗaya ce, darasi ɗaya, za ta fita da hantsi ta dawo kafin la'asar, da hijabinta, ba za ta tsaya ko'ina ba. Ta faɗa masa ranar da lokacin.

Malam ya shafa gemu. "To, Allah ya yi miki albarka. Magana ce ta hukunci, ba a yi mata gaggawa. Bari in duba."

Ta dawo ɗaki da murnarta, ta ce ai bai ce a'a ba.

Sai kaka ta shigo. Aka fara kawo gyaɗa daga gona buhu-buhu, kuma duk a ƙofar ɗakin Hafiza ake jibgewa. Dalilin mai sauƙi ne a wurinsu: tunda ba fita take yi ba, ai ita ce mai lokaci. Matar Zailani yau tana gidan suna, gobe tana gidan biki, Inna kuma ƙafa ta matsa mata. Ɓarar gyaɗa Hafiza, surfe Hafiza, tuwon 'yan ƙodago goma sha biyu Hafiza. Da na yi magana a kaikaice, Inna ta ce, "Don ita muke yi. Aiki yana rage wa mai takaba tunani."

Sai ta koma buɗe littafin a gefen tabarma, ta danne shi da dutse, ta karanta layi ɗaya, ta ci gaba da ɓara tana maimaitawa a baki. Yatsunta suka tsattsage har riƙe biro ya zama wahala. Idan ta ji takun Inna sai ta ja buhu ta rufe littafin, kamar wadda ke ɓoye abin sata. Duk da haka ta gama littafin sau biyu. Har ta kai in na buɗe kowane shafi na lalubo kan magana da ƙyar, ita za ta ƙarasa mini sauran ba tare da ta duba ba.

Saura sati uku, muna zaune muna ɓara, sai muka ji baƙo ya yi sallama a zaure. Ɗakin Hafiza bango ɗaya ne da zauren, kuma akwai 'yar taga a sama, duk abin da aka faɗa ana ji. Mutumin daga Gazara yake. Bayan doguwar gaisuwa ya ce mijin ƙanwarsa ya rasu, ita kuma ma'aikaciyar asibiti ce, an ce ta koma aiki ko a ba wani gurbinta. Shin ya halatta ta fita tana takaba?

Malam ko numfashi bai ja ba. "Ya halatta. Mai takaba tana fita da rana don buƙatarta, abin da aka hana ta shi ne ado da kwana a wani gida. Addini bai zo don ya ƙuntata wa mace ba. Sauran abubuwan da kuke ji duk al'ada ce, ba su da tushe. Ta je aikinta."

Hannun Hafiza ya tsaya cak a cikin gyaɗar. Ta dube ni, na dube ta. Idonta ya kawo ruwa, amma na murna ne.

Da yamma ta sake durƙusawa. Ba ta ce ta ji komai ba, don kunya. Ta ce kawai tana tuni ne a kan maganar jarrabawa.

"Ina sane," in ji Malam. "Kowace mas'ala da fuskarta. Ina kan dubawa."

A daren ban yi barci da wuri ba don takaici, amma wannan ba shi ne labarin ba. Washegari na ji ainihin maganar daga bakin Inna, tana faɗa wa matar Zailani a madafi, ba ta ma damu da ina jin ta ba.

"Gidan malamai ne nan. A ce surukar Malam Yahuza ta hau babur tana takaba, ta je ta zauna cikin maza tana rubutu? Da wane ido zai kalli mutane? Waccan ta Gazara 'yar gidan wasu ce, su suka jiyo."

Ashe hukuncin na mutanen waje ne. Na cikin gida kuwa, abin da mutane za su ce shi ne littafin da ake dubawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru saura kwana goma. Ƙungiyar masu noman rani ta samo taki, ana rabawa a Makarfi, kuma sunan Hamisu yana cikin jerin. Aka ce ba za a ba kowa kason mamaci ba sai matarsa ta zo da kanta ta dangwala yatsa. Zailani ya shigo da sassafe yana ta sauri.

"Maman Samira, sa hijabinki, Makarfi za mu."

Hafiza ta fito tana kallonsa. "Yaya, ai takaba nake."

"Lalura ce. Malam ya ce ba komai."

Inna da kanta ta karɓi Samira ta goya. Ba a duba littafi ba, ba a tambayi idon mutane ba. Aka ɗora ta a babur, ta yi awa huɗu a layi cikin maza, ta dangwala, aka ɗauro buhu biyu aka kai gonar Zailani ta fadama. Da ta dawo ta ce mini sun wuce ta ƙofar makarantar da za a yi jarrabawar, har ta ga lambar ajin a bango. Daga ƙofar gida zuwa can, ta ce, ko minti talatin ba su yi ba.

Na ba ta wayata ta kira babanta a Malikanchi. Ina zaune ina jin muryarsa.

"Hafiza, kina hannunsu. Malam ya fi ni sani, ni manomi ne. Kada ki ja mini abin kunya a gidan surukai. Abin da ya ce shi ke nan."

"Baba, ai bai ce komai ba."

"To ki jira ya ce."

Ranar Laraba da la'asar ta durƙusa wa Malam karo na uku. Wannan karon ta kai katin jarrabawar ta ajiye a gefen tabarmarsa da hannu biyu. Ba ta bar komai a duhu ba.

"Allah gafarta Malam, gobe ce. Gobe Alhamis, ƙarfe goma na safe. Rana ɗaya ake yi, in ta wuce sai wata shekarar, kuma sai an sake sabuwar rajista."

Malam ya ɗauki katin, ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana kallon hoton. "Gobe, ƙarfe goma," ya maimaita. "To. Allah ya kai mu goben."

Ranar Alhamis tun da hantsi bai fito ba na tsallaka. Na tarar da ita ta yi wanka, ta yi wa Samira, ta share tsakar gida, ta dama koko ta kai wa kowa, don kada a sami abin cewa. Tana zaune bakin gado da hijabinta, biro biyu da fensir da katin a cikin leda.

"Malam fa?" na tambaya.

"Wai daga masallacin asuba ya wuce Kudan, saukar karatu."

Ban taɓa jin maganar saukar nan ba sai ranar. Na kira lambarsa, waya a kashe. Na sake kira, a kashe.

Ƙarfe takwas ta je ta durƙusa wa Inna. Inna tana jan carbi, ba ta ɗago ba. "Ni mace ce, ba ni da ta cewa. Ki jira mai gidan."

Ta sami Zailani yana ɗaura buhu a babur. "Yaya, don girman Allah."

"Ni wane ne da zan fitar da ke ba da izinin Malam ba? Kuma ma fadama za ni, yau muke ban ruwa." Ya tayar da babur ɗinsa ya fice.

Na ruga gida na sami mijina yana shirin fita. Na roƙe shi kamar zan yi kuka. Ya ce, "Mukarrama, kina so in ɗauki surukar Malam a bayan idonsa? A garin nan zan ci gaba da zama fa. Bayansa nake sallah." Na zage shi a zuciyata, amma ni ma ban ɗauki mayafina na ce mata taho mu tafi ba. Titi ba nisa, 'yan acaɓa suna nan. Na tsaya ina ta danna lambar da na san a kashe take.

Ƙarfe tara da kwata Hafiza ta miƙe. Ta ɗauki ledarta, ta ɗauki zanen goyo, ta nufi inda Samira ke wasa, da nufin ta miƙa mini ita ta wuce. Inna ta riga ta. Tsohuwar da ke kukan ƙafa ta yi wuf ta sure yarinyar, ta koma kan tabarmarta ta ɗora ta a cinya, ta zagaye ta da hannu biyu.

"Ƙofa a buɗe take," in ji Inna, a hankali. "Ban riƙe ki ba. Amma wadda ta keta takabar ɗana ba za ta dawo ta kwana a ɗakinsa ba. 'Yarsa kuwa a gidan ubanta take."

Hafiza ta taka har bakin zaure. Ina ganin bayanta, ina ganin hasken waje ta ƙofar. Ta tsaya nan, hannunta ɗaya a jikin bango. Samira ta fara kuka tana miƙo hannu tana kiran Mama, Inna ta ƙara matse ta. Ban san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba, ni dai na ji kamar an yi wuni guda. Daga nan ta juyo, ta wuce mu ba ta kalli kowa ba, ta shiga ɗaki.

Na bi ta. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da gado, ledar a cinyarta. Ta ce in ba ta wayata. Ba kira ta yi ba, agogon take kallo. Goma ta yi. Goma da rabi.

"Yanzu an raba takardu," ta ce.

Sha biyu ta wuce, ta ce, "Yanzu an shiga kashi na biyu, na dogon rubutu." Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Wajen ƙarfe ɗaya ta miƙo mini wayar, ta cire hijabin ta ninke, ta fita ta ɗora tukunyar tuwon rana, don ba wanda ya ɗora.

Malam ya dawo bayan la'asar. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya sha ruwa, ya ce a kira masa kowa. Inna ta zo, Zailani da matarsa suka zo. Ya hango ni ta gurbin katanga ya ce, "Mukarrama, ke ma matso, maƙwabci ɗan'uwa ne." Hafiza ta fito ta durƙusa inda ta saba.

Ya yi gyaran murya, ya yi salati, kamar mai shirin buɗe karatu.

"Maganar yarinyar nan, na duba. Na kuma tattauna da malamai a Kudan. Babu laifi mai takaba ta fita da rana don buƙata irin wannan. Saboda haka na yi mata izini. Zailani, gobe da safe ka kai ta ta rubuta abinta."

Zailani ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Allah gafarta Malam," in ji Hafiza, "yau aka yi."

"Yau?"

"Yau, ƙarfe goma."

"Subhanallahi. Ba za su sake ba gobe? Ko a yi wa shugaban makarantar magana?"

"Ba a sakewa."

Malam ya girgiza kai, ya tafa hannu a hankali. "Ikon Allah. Wallahi sha'anin tsufa, kwanakin sun rikice mini. To, haka Allah ya nufa, ba rabonki a bana. Ki yi haƙuri, wani alherin yana gaba." Sai ya waiwayo gare mu ɗaya bayan ɗaya. "Amma dai kun ji da kunnenku, ni ban hana ta ba. Izini na bayar. Zailani, ka shaida?"

"Na shaida, Baba."

"Uwaliya?"

"Ai kowa ya shaida."

"Mukarrama?"

Jiya-jiya a gabana ya riƙe katin nan ya ce gobe ƙarfe goma. Maganar tana bakina, har na ji ɗacinta. Na ɗago na ga rawaninsa da furfurarsa, na tuna a zaurensa 'ya'yana ke karatu, na tuna mijina.

"Na shaida, Malam," na ce.

Hafiza ba ta dube ni ba. Ta ƙara sunkuyawa ta ce, "Na gode, Allah ya ƙara girma," domin haka ake cewa idan babba ya yi maka izini. Malam ya sa mata albarka, ya ce a kawo masa ruwan alwala, taro ya watse kowa zuciyarsa wasai.

Na daɗe a tsakar gidan kafin na iya shiga ɗakinta. Tana zaune tana ba Samira tuwo, loma ɗaya bayan ɗaya. Na tsuguna a bakin ƙofa na fara kame-kame, ina cewa ta yi haƙuri, wata shekarar tana zuwa, Allah zai kawo mai yi mata rajista. Ni kaina na ji yadda maganar ta yi kama da tasu.

Ta goge wa yarinyar baki da gefen zaninta, sannan ta ɗago. Idonta a bushe yake.

"Yaya Mukarrama, ni fa ban ce lallai sai na ci ba. Wata uku ina karatu ni kaɗai, ba malami, wataƙila ma duk shirme na haddace. Da sun bar ni na je na faɗi, da na san ni ce ban iya ba, in haƙura." Ta ɗebo wata lomar ta tsaya da ita a hannu. "Ko faɗuwar ma ba su bari na yi ba."

Na tashi na tsallaka katanga na koma gidana, ni da na shaida.